Fitilar da Muka Rataya wa Kifayen Inna

Abubuwa da yawa sun faru da ni a gidan aurena waɗanda yau sai na yi dogon tunani kafin in tuno su, amma ranar da na hau gadon surukata na miƙe saboda fitilar kifi, wannan ko tsufa ya kwashe mini komai ina jin ita za ta rage. Har yanzu in na tuna, kunya da dariya da ƙwalla tare suke zo mini.

Lokacin ban daɗe da tarewa ba. Gidanmu na cikin tsohuwar unguwa a Agadas, ginin ƙasa mai kaurin bango da ƴan ƙananan tagogi, irin wanda ko da tsakar rana ka shiga ɗaki sai ka tsaya idonka ya washe. Ni kuwa yarinya ce mai cin littattafan soyayya kamar tuwo, irin waɗanda ake kawowa daga kudu a baza a kan buhu bakin kasuwa. Na karanta su har na ɗauka haka duniya take: miji mai dogayen kalamai, falo mai labule har ƙasa, hawaye masu zubowa kamar lu'ulu'u. Sai Allah ya haɗa ni da mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, mutumin da in ya yi maka magana goma a yini to ya yi surutu. Aljihunsa kullum cike da guntayen fil, wato wayar wuta, da ƙusoshi, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ina son shi, amma a lokacin ina ta jiran ranar da zai buɗe baki ya yi mini irin maganar cikin littafi.

Mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ƴar nan ba ce. Ƴar Gaya ce, ɗiyar masunci, a bakin kogi aka yanke mata cibi. Marigayi mijinta ɗan kasuwa ne, ya auro ta ya kawo ta garin da ba a ganin ruwa mai gudu sai damina ta yi kyau kori, busasshen rafin garin, ya kawo ruwa ya wuce. Ta zauna, ta haihu, ta aurar, ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi. Sai da ciwo ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, sannan ta fara wata magana guda da ba ta canzawa: a kai ta gida ta ga ruwa.

Likita ya gaya wa maigidana a fili cewa zuciyarta ba za ta ɗauki wannan doguwar hanya ba. Aka gaya wa Inna, ta ce ta ji. Sai ta aika wa ƙanenta, wanda muke kira Kawu, mai motar ɗaukar kaya tsakanin kudu da nan, ta ce in ya sake zuwa ya tafi da ita. Kawu kuwa mutum ne da bai taɓa musa wa yayarsa ba. Ya ce zuwansa na gaba zai shimfiɗa mata katifa a mota. Daga ranar Inna ta rage cin abinci, kamar mai jiran tashi. Kunu sai ta kurɓi kaɗan ta ture.

Abin da ya ƙara ɗaure zancen shi ne maigidana ɗan farinta ne. Inna irin matan da ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. In tana son wani abu daga gare shi sai ta ce da ni ko da ƙanwarsa, “Ku ce wa wancan kaza.” To yaya ɗa zai roƙi uwar da ba ya iya zama kusa da ita? Sai na riƙa ganinsa yana zaune a zaure yana warware fil yana sake naɗewa, ba aikin komai yake yi ba.

Wata ranar bayan la'asar na kai masa shayi, na ce, “Maigida, na karanta wani abu. A gidan wani attajiri akwai akwatin madubi cike da ruwa, kifaye na yawo ciki, da fitila a sama tana haska su. In Inna ba za ta iya zuwa wurin ruwa ba, me zai hana a kawo mata shi ɗaki?”

Ya dube ni ta saman kofi. “Akwariyom ake ce masa. Madam, wato a littafinku har kifi ake ba ɗaki? Mu nan ruwan sha ma sai an yi sammakon tarar pampo.”

“Ni dai na faɗa.”

“Kin faɗa,” ya ce, ya ci gaba da shan shayinsa.

Na shiga ciki ina jin haushi. Washegari sai ga shi da faifan madubi a naɗe cikin kwali, ya yanko su wurin masu yin taga, da kol na manne su a aljihu. Ya haɗa akwatin a zaure, ya bar shi ya bushe, ya cika shi da ruwa ya ga ba ya yoyo. Ya ɗebo yashi da duwatsu daga kori, ya wanke su fes. Ya samo wani ɗan inji mai hura iska cikin ruwa, yana ta fitar da kumfa yana ƙara ƙasa-ƙasa. Kifayen kuma wani abokinsa direban kar, babbar motar fasinja, ya taho da su daga Yamai cikin bidon, wato jarkar ruwa, ƴan ƙananan karfasa, da ciyawar ruwa a ƙulle cikin leda. Aka ɗora akwatin a kan wani gajeren tebur wajen ƙafafun gadon Inna.

Inna ta ɗago kai ta duba. Ta ce da ni, “Karfasa ne. Ƴaƴa ne, ba su kai kamu ba.” Ta mayar da kai kan matashi. Ɗakin duhu ne, daga gadon ba a ganin komai sai inuwar akwati.

Saura fitila ke nan, kuma nan ne gwanintar maigidana. Ya ɗauko wani tsohon indararon kwano da aka cire daga soron gida, ya yanke shi daidai tsawon akwatin, ya kife shi, ya jera ƙananan ampul, wato ƙwayayen fitila, a cikinsa, irin farare da ya cicciro daga matattun fitilu. Ya ja fil zuwa batir ɗin da pano mai ɗaukar hasken rana ke caja a saman soro, don kada ɗaukewar kuran ta dame mu. Da ya gama sai ya aza indararon a kan bakin akwatin kamar murfi, ya rufe sauran wurin da katako saboda kyanwa.

Da ya kunna, wallahi numfashina ya ɗauke. Ruwan ya koma kamar an narkar da azurfa, kowane ƙwayar yashi ana ganinsa, kumfa na tashi kamar tsakiyoyi. Na ce a raina yau dai littafi ya shigo gidanmu. Maƙwabta suka yi ta sallama, mata da yara, kowa ya tsaya ya riƙe haɓa. Wata tsohuwa ta tambaya ko in sun girma za a raba wa unguwa.

Ba a jima ba murna ta fara tsami. Lokacin zafi ne, ga murfi a rufe, ga fitila manne da ruwa. Na tsoma yatsa wata rana na ji ruwan kamar na wankan jariri. Madubin ya fara yin kore-kore, gansakuka na hawa, in na goge da safe kafin a jima ta dawo. Kifayen kuma suka daina yawo, suka taru ƙarƙashin dutse guda suna ta buɗe baki. Abin ya ba ni mamaki, domin ni a tunanina duk mai rai yana son haske. Sai na ɗaga katakon, na kare rabin fitilar da faifai don in gani. Nan take duk suka fito suka jeru a ɓangaren inuwa, kamar mutanen gari da azahar a gindin katanga. Na daɗe tsugune ina kallonsu. Ban taɓa sanin kifi ma yana gudun rana ba.

Da safe muka tarar da guda ya juya ciki sama. Inna ce ta fara gani, ko ta ji a jikinta, ban sani ba. Ta ce, “Ɗiyata, ki ce wa wancan yana dafa bayin Allah da ransu.”

Na je na faɗa. Fuskar maigidana ta canza. Ya zaro telefon ya shiga bincike, ya yi ta karantawa da Faransanci yana tsaki. “Wannan ya ce santimetir kaza, wannan ya ce ninkinsa. Wannan kuma ya ce ya danganta. Da me ya danganta, bai faɗa ba. Dukkansu a ƙasar sanyi suke, ina suka san zafin Agadas?” Ya aje telefon ya ce, “Bon. Tunda ƙasa ta yi zafi, sai sama.”

Ya hau kujera ya ɗaure indararon can kusa da azara, ya cire katakon ya sa raga a madadinsa. Ruwa ya huce. Kifaye suka fito suna yawo, koren ya ragu. Hasken cikin akwatin ya yi rauni, amma ɗakin gaba ɗaya ya haskaka, har ana ganin zanen kwanonin jeren Inna. Muka tsaya daga bakin ƙofa, ni da shi da ƙanwarsa, muka yarda cewa yanzu an dace.

Inna kuwa ta juya fuskarta bango.

Haka ta yi ta yi. Da an kunna fitila da safe sai ta juya, ta ja mayafi har goshi. Na tambaye ta ko wani abu na damunta, ta ce ba komai. Na ce ko a kashe, ta ce, “A'a, wahalar mutum ce, a bar ta.” Maigidana ya ɗauka ƙin abin take yi gaba ɗaya. Ya ce mini a zaure, muryarsa ƙasa, “Kogi take so, na kawo mata kwalba. Da ma na sani.” A cikin kwanakin ne Kawu ya bugo ya ce yana lodi, ƙarshen mako yana tafe, a haɗa wa Yaya kayanta. Ƙanwar maigidana ta fara ninke zannuwan Inna tana kuka a ɓoye.

Ni kuma wani abu ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa. Na lura in an kashe fitilar, ko hadari ya rufe pano batir ya yi sanyi, Inna takan juyo a hankali ta fuskanci akwatin. Ba abin da ake gani cikin duhun, amma sai ta zuba masa ido, tana sauraron ƙarar kumfa. Wanda ya ƙi abu ba ya juyowa gare shi in an kashe fitila. To me ke korarta?

Na roƙi maigidana ya cire fil ɗin da ya ɗaure indararon da shi, ya sa igiya ta bi ta kan azara ta sauko a ɗaure a ƙusa jikin bango, yadda ake yi wa guga. Ya ce, “Rijiya kuma za ki buɗe mana?” amma ya yi. In ya tafi aiki sai in kwance igiyar in sassauta kaɗan, in ja baya in duba, in ɗaga kaɗan, in sake dubawa. Na duba daga ƙofa, na duba daga gefen taga, na duba a durƙushe. Ko'ina na tsaya abin kyau yake yi mini. Inna dai bayanta nake gani. Yanzu da na girma ina mamakin yadda na zagaye ɗakin nan kaf, na bar wuri guda, wurin da aka yi abin dominsa. Amma wace matar ɗa ce za ta ko zauna a bakin gadon surukarta? Ɗan da ta haifa ma bai taɓa ba. Tunanin bai ko zo mini ba sai ranar da ya zo.

Da hantsi ne. Ƙanwar maigidana ta tallabi Inna zuwa bayan gida don ta yi mata wanka, ni kuma na shiga canza shimfiɗa. Na sunkuya zan soke zanen gado ta wajen bango, kaina ya yi ƙasa daidai matashi, sai wani abu ya soke ni a gefen ido. Na ɗago, ya ɓace. Na sake sunkuyawa, ya dawo. Na leƙa tsakar gida, na ji ƙarar ruwa da muryar Inna tana cewa a rage sabulu. Na ce a raina ƙiftawar ido kawai zan yi. Na cire takalmi, na yi bisimilla, na hau gadon Inna na miƙe, na aza kaina inda take aza nata.

Subhanallahi. Daga nan cikin indararon kake kallo kai tsaye, ampul ɗin nan duka a jere suna huda ido kamar allurai. Mu da ke tsaye bakin kwanon yana kare mu. Mai kwance kuwa ba abin da ya raba shi da su. Akwatin ma ba ya ganuwa, hasken ya shanye shi. Na rufe ido ina ganin ɗigo-ɗigo kore da ja. Tsohuwa mai ciwo ta kwana nawa a ƙarƙashin wannan, ta ƙi faɗa, don kada a ce ta kushe aikin ɗanta na fari?

Ina cikin wannan tunani, na manta inda nake, sai na ji an ce, “La'ilaha illallahu! Matar yaya, gado kika ci tun mai shi na da rai?”

Ƙanwar maigidana ce a bakin ƙofa, Inna na jingine a kafaɗarta. Na zabura zan diro, zanena ya harɗe da na gadon, na koma na zauna daɓas. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara, “Inna, don Allah, ba raini ba ne, fitilar ce, na ga...”

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da na zo gidan. Inna ce ke dariya. Dariyar ta haɗu da tari, ta dafe ƙirji, muka tsorata, amma ta ɗaga hannu. Da ta samu numfashi ta ce, “To, kin gani?”

“Na gani, Inna.”

“Ya ya kika ji?”

“Kamar an watsa mini barkono.”

“Ato.” Ta ce da ɗiyarta, “Kwantar da ni.” Na yunƙura zan sauka, ta riƙe mini hannu. “Ina za ki? Tunda kin hau, matsa can jikin bango. Ni idona ya gaji, ke za ki duba mana.”

A haka maigidana ya dawo ɗaukar wani abin aiki da ya manta, ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, ya ɗago ya ga matarsa kwance a gadon uwarsa. Har yau ban manta fuskarsa ba. Ya dubi ƙanwarsa, ita kuwa ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Na ce, “Maigida, ba kifin take ƙi ba. Fitilar ce ke shiga idonta. Daga nan ba a ganin komai sai ampul.”

Ya dubi indararon. Ya ce, “Tun yaushe?”

“Tun da ka ɗaga ta.”

Inna ta ce wa bango, “Ku ce wa wancan ya bar tambaya ya kama igiya.”

Ya shigo a sunkuye ya kwance igiyar daga ƙusa. Ya fara sassautawa a hankali, indararon na saukowa yana ɗan lilo. Ni ina kwance na kare ido da hannu ina cewa, “Ƙasa. Ƙara. Har yanzu ina ganin na gefe. Ƙara kaɗan.” Ampul ɗin suka riƙa ɓuya bayan bakin kwanon ɗaya bayan ɗaya, kamar taurari in gari zai waye. Da na ƙarshe ya ɓuya sai ɗakin ya yi laushi. Akwatin ya fito sarai, ga kifaye suna bi ta cikin ciyawa. Na ce, “Yauwa! Inna, buɗe ido, ya tafi.”

Ta janye mayafi. Na zaci akwatin za ta kalla. Amma mai kwance rigingine sama yake fara gani, kuma can idonta ya tsaya. Na bi shi da kallo.

Rufin ɗakin yana motsi. Hasken da ya sauka kan ruwa yana dawowa sama, ya bi ta gefen indararon ya faɗa kan azara, kumfar injin kuma tana kaɗa fuskar ruwan, sai zare-zaren haske suka riƙa rawa a jikin itacen, suna haɗuwa suna rabuwa, kamar ana saƙa ana warwarewa. Lokacin da fitilar ke manne da akwati, murfi ya tsare wannan hasken. Lokacin da take can sama, ƙyallin ampul ya binne shi. Duk littattafan da na karanta ba wanda ya ba ni labarin irin wannan.

Maigidana bai san abin da muke gani ba, yana tsaye idonsa na kan kifi. Ya ga kamar in ya ƙara saukarwa za su fi fitowa, sai ya sake sakin igiya. Indararon ya matso kusa da ruwa, rawar hasken ta tsuke, ta shige ƙarƙashin kwano, rufin ya koma baƙi.

Inna ta yunƙura har ta ɗaga kai daga matashi. Ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, kamar yaro zai faɗa wuta. “Mayar! Mayar mini da shi!”

Ƙanwarsa ta saki baki. Shi kuwa ya sandare da igiya a hannu, domin tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya ce, “Na'am, Inna,” ya ja igiyar sama a hankali, a hankali, har hasken ya sake bazuwa a kan azara.

“Nan,” ta ce. “Tsaya nan.”

Ta koma ta kwanta. Idonta na sama, ƙwalla na gangarowa ta gefen kunnenta. Can ta fara magana, ba da ni ba, ba da kowa ba. “Babanmu yana da rumfa a bakin ruwa, inda yake gyaran koma. In hantsi ya yi sai in kwanta cikin jirgin da aka ɗaure a ƙarƙashinta. Haka rufin yake yi. Haka ɗin nan. Innarmu tana kirana in zo in ɗauki tulu, ina ji, in yi kamar barci nake.” Ta ja numfashi. “Ni da na ce a kai ni in ga ruwa, na san ba zan iya sauka gaɓa ba. Wannan nake nema.”

Maigidana ya ɗaure igiyar a ƙusa, ya yi ƙulli biyu. Ya ɗauko metir zai auna, Inna ta ce ba ta yarda da abin da ke naɗewa ba. Ta sa aka kawo kara, ta gwada shi da hannunta daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta ce a je a gani. Tsakanin ruwa da bakin indararo ya zo kamu ɗaya na hannun Inna, da ɗan ragi. Ta sa aka karya karan daidai nan, aka soke shi a bayan akwatin. Sannan ta ce, tana kallon bango kamar yadda ta saba, kamar ba ita ta kira suna ɗazu ba, “Ku tambayi wancan, a gidan nan ba a dama fura ne?”

Na bi shi zaure da kofin ruwa. Na same shi ya juya baya yana share fuska da hannun riga. Ya karɓi kofin bai dube ni ba, ya ce, “Madam, ki ci gaba da karatun littafin nan naki.” Iyakar kalaman soyayyar da na samu ke nan, kuma ban taɓa karanta waɗanda suka fi su ba.

Kawu ya iso ƙarshen mako da katifarsa a bayan mota. Ya shiga ya gaishe da yayarsa, ya ce, “Yaya, na zo, an shirya?” Inna ta ce ya zauna ƙasa ya jingina da gado ya kalli sama. Ya kalla, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, “Rumfar Baba.” Ta ce, “Ka ga yaran nan ba su san kifi ba, sun riga sun kashe guda. In na tafi wa zai gaya musu? Bari sanyi ya shigo tukuna.” Da sanyi ya shigo ta ce bari ya wuce, hanya ba daɗi. Da zafi ya zo ta ce wa ke tafiya cikin wannan wuta. Kawu ya gane, ya daina kawo katifa.

Ba zan ce fitila ta warkar da ita ba, ciwonta yana nan har ya tafi da ita a lokacin da Allah ya yanke. Amma ta ga haihuwata ta fari, ta yi wa jaririyar wasa a kan gadon nan, su biyu suna kallon rufi. Sunan ɗanta kuwa ba ta ƙara faɗa ba, sau ɗayan nan ne. Kifaye sun canza, an sake madubi guda da ya tsage, an sake igiya, amma karan Inna yana nan a bayan akwatin, da shi muke aunawa.

Abin da na koya a ranar shi ne, duk yadda kake son mutum, in za ka yi masa abu kana tsaye shi yana kwance, to kanka kake yi wa. Mun tambayi telefon, mun tambayi kifi, mun tambayi idanunmu, duka da kyakkyawar niyya, alhali amsar tana kan matashin da kunya ta hana mu kusanta. Tun daga lokacin, in na ga wani nawa ya juya wa alherina baya, ba na saurin yin fushi. Nakan nemi inda kansa yake, in kai nawa wurin, in duba abin da yake gani.